Kofi Mai Koren Zare

Wata Juma'a ce a Disambar 1992, bayan sallar La'asar, sanyin Riyad yana ratsa ƙashi. Shekarata tara. Ina tsugune a kicin ɗin gidanmu na Shumaisi ina tsinke ganyen na'ana'a, Umma tana juye shayi a babbar buta, muryoyin maza suna tasowa daga ɗakin baƙi kamar kowane mako, sai muka ji an ƙwanƙwasa ƙofar waje. Muka dubi juna, domin kofuna ashirin da uku aka jera a tire, kuma kowane ya sami mai shi, ba sauran wanda ake jira. Baba ya taso ya tsaya a bayan ƙofa bai buɗe ba. Daga waje wata murya mai kauri, da harshen da bai saba da Hausa ba, ta ce cikin dariya, "Shayin ya nuna?" Ban taɓa jin gida cike da mutane ya yi tsit irin na ranar ba. Can sai ƙafafu a kan matakala ana rige-rigen hawa saman soro, sai wata ƙara daga lungun baya kamar an yar da buhun siminti. Da Baba ya buɗe, Abu Fahad ne, mai gidan da muke haya, kwalin dabino a hannu ɗaya, takarda a ɗayan. Tun daga ƙofar kicin na gane takardar, don rubutuna ne.

Mazan da ke ɗakinmu 'yan Zaure ne. Zaure ƙungiya ce ta Hausawa masu neman abinci a Riyad, birkiloli da direbobi da teloli da masu sayar da turare, amma ba ta da allo a ƙofa, ba ta da ko fallen takarda, domin ƙasar ba ta yarda baƙi su kafa ƙungiya ba. Tarihinta na haddace shi ne ta manna kunne a bango. An ce tun kafin a haife ni, lokacin da ake ta gine-gine a birnin, leburori biyar ne suke kwana ɗaki ɗaya a unguwar Batha. Ɗaya ya faɗo daga bene, aka ɗauke shi a mota, ya cika a asibiti. Sauran huɗun ba su san inda aka kai shi ba, tsoro kuma ya hana su tambaya, saboda biyu a cikinsu ba su da iƙama, wato takardar izinin zama. Sai da ya kwana arba'in a firjin gawa kafin su gano shi. Ranar da suka binne shi suka dawo ɗaki suka dafa shayi, suka ga kofuna biyar, mutane huɗu. A nan suka ƙulla alkawari, kuma Baba Tanko, tsohon da ya rage daga cikin huɗun, shi ne Uban Zaure a zamaninmu.

Ƙa'idojinsu uku ne, Baba Tanko yana karanta su kowace Juma'a kafin kowa ya kurɓa. "Ba a tambayar ɗan'uwa iƙamarsa. Ba a barin ɗan'uwa a firji. Abin da aka faɗa a Zaure, a Zaure yake kwana." Wanda zai shiga sai mutum biyu sun tsaya masa, sannan ya yi Juma'a uku yana zaune a bakin ƙofa inda ake ajiye takalma, yana kallo ana sha shi ba a ba shi. Ta huɗun sai a ba shi kofinsa, ƙaramin kofin gilashi mai mariƙi, a ɗaura masa zare mai launin da ba kowa ke da shi ba. Zubin farko ba a sa masa sukari, wai don ya san zama a ƙasar wani. Wurin zama kuwa tsufan kofi ake bi, ba girman aiki ba, har na sha jin ana tsokanar wani ma'aikacin ofis mai kwat da yake zama ƙasa da mai sharar titi. Idan ɗan Zaure ya zo ƙofa sai ya ce, "Shayin ya nuna?" mai tsaron ƙofa ya amsa, "Yana kan wuta." Hukunci kuma ɗaya ne tak: wanda maganar Zaure ta fita daga gidansa, a kife kofinsa, ba zai ƙara zama da su ba. Mahaifina, Malam Ilu, direban motar wani kamfanin kujeru, shi ne Sarkin Ƙofa, kofinsa mai koren zare ne, kuma ba shi da wani dangi a duniyar nan da ya kai waɗannan mutane.

Ni kuwa Zaure aiki ne a wurina tun daga Alhamis. Mu share ɗakin baƙi, mu kakkaɓe darduma a saman soro har hanci ya cika da ƙura, mu wanke kofuna ɗaya bayan ɗaya a hankali don kada zare ya kwance. A aike ni shagon bakin layi sayo sukari da gurasa, in dawo a ce na manta kanumfari. Idan aikin ya ƙare sai ni da ƙannena biyu mu hau soro, inda Umma ke shanya, mu jera gwangwanayen madara mu yi wasan Zaure. Ni ce Baba Tanko kullum, in yi tari irin nasa, in sa ƙaramarmu ta zauna kusa da silifas tana kuka ba a ba ta gwangwani ba. Ba wanda ya taɓa leƙowa ya ga wasan nan, da ƙila an ja mini kunne tun da wuri.

Kuskuren da manya suka yi shi ne, sun ɗauka ba ma jin Hausa. A Riyad aka haife mu, a makarantar unguwa muke karatu, idan aka yi mana magana da Hausa da Larabci muke amsawa. Baba Tanko ma "Balarabiya" yake kirana, ya ja mini hanci ya ce an yi asarar Bahaushiya guda. Saboda haka suke sakin baki a gabanmu yadda ake yi a gaban kyanwa. Ba su san cewa bakina ne kawai ya yi nauyi ba, kunnen lafiyarsa lau. Kuma tunda an ɗauka ba na ji, ba wanda ya ga dalilin da zai zaunar da ni ya ce wannan magana ba a fita da ita. Ƙa'ida ta uku na san ta kamar karatun sallah, amma a zatona ta masu kofi ce, ni me ya haɗa ni da ita? Sun yi shekaru suna zuba ido a kan titi, suna gudun ɗan sanda da maƙwabci mai gulma. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

A makaranta ranar Asabar ce ta fi gajiyar da ni. A lokacin Alhamis da Juma'a ne hutu, da an dawo sai 'yan ajinmu su taru a inuwar bango suna ba da labarin gidan kaka, da baffannin da suka kwashe su zuwa sahara aka yanka rago, da gwaggon da ta kawo musu awarwaro. Ni sai in buɗe gurasata da cuku in ci. Ba ni da kaka a nan, ba ni da gwaggo, hotonsu ma guda ɗaya ne a gidanmu kuma ya koɗe. Nura, 'yar Abu Fahad, ta taɓa tambayata da zuciya ɗaya ko mu daga sama muka faɗo. To sai ga malamar Larabci, wadda muke kira Abla, ta ba mu aikin rubutu: kowa ta faɗi yadda danginsu ke yin ranar Juma'a. Na zauna na rubuta shafi uku. Na ce ni baffanni ashirin da biyu gare ni. Na faɗi launin zaren kowa, da zaman bakin ƙofa, da shayin da ba sukari, da labarin firji. Na rubuta kalmar ƙofa da baƙaƙen Larabci, har da wasali don kada a karanta ta ba daidai ba. Na kuma ƙara, don a san baffannina mutanen kirki ne, cewa a gidanmu ba a tambayar mutum iƙamarsa. Abla ta ba ni goma bisa goma, ta karanta a gaban aji, Nura ta roƙi aron takardar ta nuna wa babanta. A rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na makon nan ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan daɗin.

Abu Fahad ba da sharri ya zo ba, wannan shi ne abin takaicin. Dattijo ne mai son raha. Ya miƙa wa Baba dabino, ya ce masha Allah 'yarsa marubuciya ce, shi ma ya zo a ba shi kofi da zare. Aka shigar da shi, aka zuba masa shayi a kofin kicin, ya sha yana ta dariya shi kaɗai, ya tashi ya tafi, kuma iya sanina bai taɓa kai maganar ko'ina ba. Amma lokacin da yake dariyar, Audu birkila yana kwance a lungun baya yana cizon hannun rigarsa. Su uku ne marasa iƙama da suka hau soro, biyu suka ɓuya a bayan tankin ruwa, shi ya dira. Ba halin kai shi asibiti ba takarda, sai mai ɗori aka nemo daga unguwar Utaiƙa. Ƙafar ta warke a karkace, Audu bai ƙara hawa gini ba.

Kafin Magariba aka yi hukunci. Na manna kunne a bangon da na saba. Na ji Baba Tanko ya yi tarinsa ya ce, "Malam Ilu, bakin wa?" Baba ya ce, "Gidana ne." Tsohon ya sake tambaya, har sau uku, Baba yana maimaita amsarsa. A raina na ce wace irin tambaya ce wannan, ga takarda nan da sunana a samanta da jan biron Abla? Daga nan ban ji komai ba sai ƙarar bakin gilashi a kan tire. Suka fita ɗaya-ɗaya kamar yadda suka saba don kada a ga taro, na ƙarshe ya ɗauki tiren da kofunan duka a cikin kwali. Zaure ya koma Utaiƙa, gidan da ba a gaya mana ba.

Umma ta yi mini ranƙwashi ɗaya sannan ta zauna ta yi kuka fiye da ni. Baba kuwa na jira duka bai zo ba, na jira faɗa bai zo ba. Washegari da safe, yana ɗaure agogonsa zai fita aiki, ya miƙo mini takardar ya ce, "Rakiya, Larabcin ya yi kyau. Amma Juma'a uku ake zama a bakin ƙofa, ke kin rubuta biyu." Iyakar abin da ya taɓa ce mini ke nan a kan maganar. Da ya zane ni da ya fi mini sauƙi.

Shekara shida muka yi a haka. Ranar Alhamis ba sauran kakkaɓe darduma, ba aike shago, na sami hutun da nake ta nema kuma ban san inda zan sa shi ba. Wasan gwangwani ya mutu da kansa. Ranar Juma'a idan Baba ya dawo masallaci sai ya shiga ɗakin baƙi, ɗakin da ke cin mutum ashirin da uku, ya zauna kusa da ƙofa inda ya saba, ya kunna rediyo yana neman tashar Hausa cikin shuu da ƙara. Umma ta kai masa shayi a ƙaramar buta. Idan babur ko mota ta tsaya a layi sai ya rage muryar rediyon, idan ta wuce ya mayar. Yana haɗuwa da su a Batha, su gaisa, a tambayi iyali, a ce sai an jima. Ba su yi gaba da shi ba, amma labarin wanda ya yi aure, da wanda aka kama aka mayar gida, da wanda ya rasu, sai ya ji a bakin wasu bayan an gama. Mutumin da a da muryarsa ta fi ta kowa a gidan ya koma sai ka yi tambaya uku ka sami amsa ɗaya. Furfura ta cinye masa gemu da wuri. Na tsani Juma'a, wallahi na tsane ta, har nakan ƙirƙiri ciwon kai in kwanta tun Azahar don kada in wuce ta ƙofar ɗakin nan.

Da na kai shekara goma sha biyu na yi ta maza na same shi, na ce ya kai ni in durƙusa in ba su haƙuri. Ya dube ni ya ce ba a kai yara Zaure, in je in taya Ummana aiki. Daga ranar sai na fara jin haushinsa. Na yanke cewa girman kai ne, shi Sarkin Ƙofa ba zai je ya roƙi kowa ba, gara ya zauna yana ruɓewa a gabanmu don in riƙa ganin abin da na yi. Yarinya mai laifi tana neman wanda za ta raba kayan da shi, ni kuwa na ɗora masa rabi. Na daina kai masa shayin idan Umma ta aike ni, sai in tura ƙanena.

A tsakiyar zafin 1998 ya ajiye motar kamfani bayan Azahar, ya ce ƙirjinsa, kafin La'asar an kira Umma daga asibiti an ce ya cika. Shekarata goma sha biyar, ni ce babba. Aka ce mana ba za a saki gawa ba sai da takardar mai kamfanin da ya tsaya masa, da ta 'yan sanda, da ta ofishin jakadanci, kuma duk ofisoshi ne da mace da yarinya ba su san ko ƙofarsu ba. Ni na san labarin kwana arba'in fiye da kowa, ni da na rubuta shi da wasali. Ƙa'ida ta ce ba a barin ɗan'uwa a firji, to amma mai kifaffen kofi ɗan'uwa ne? Umma ta zauna a tabarma tana jan carbi, na san abin da take tunani shi nake tunani.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na je na tsaya a bayanta, inda Baba ke tsayawa. Aka yi tari, sannan wata tsohuwar murya ta ce, "Shayin ya nuna?" Sun daɗe da sauya kalmar, amma wannan ce kaɗai gidan Malam Ilu ya sani. Da ƙyar na haɗa Hausata mai nauyi na ce, "Yana kan wuta." Suka shigo ɗaya-ɗaya har ɗakin ya cika. Ba wanda ya tambaye mu komai. Mai kwat ya nufi ofishin jakadanci, wani direba ya tafi neman mai kamfani, tela ya fito da likkafani a leda. Kwana biyu aka yi, rana ta uku suka sallace shi bayan La'asar. Audu ne ya yi masa wanka, yana jan ƙafarsa.

Da suka dawo daga maƙabarta Baba Tanko ya sa aka kira ni. Al'adarsu ce, kofin mamaci a cika shi a ba babban ɗansa, ba sukari, daga nan ya zama na iyali. Ya warware wani ƙyalle, sai ga kofin, koren zaren ya koɗe amma gilashin fes. Ya ce duk Alhamis ana wanke shi tare da sauran, a mayar a kife. Na karɓa, amma haushin shekara shida ya taso mini, na manta da tarbiyya na ce, "Baba, da kuka iya wanke kofi, me ya hana ku mayar da mai shi?"

Tsohon bai yi fushi ba, gajiya kawai na gani a fuskarsa. Ya ce, "Ke Balarabiya, mu muka hana shi? Ai ƙa'ida tana da ƙofa. Mutum ya tsaya gaban 'yan'uwa ya ambaci sunan bakin da ya fitar da magana, ya ce na barranta da shi, shi ke nan a tayar da kofi. Ba duka, ba zagi, ba ma sai kin ji ba. Kowa ya san ke ce, Audu ma ya yafe tun ƙafar tana ɗaure. Duk azumi sai na tako na same shi a masallaci, in ce Ilu, kalma ɗaya ce fa, maza faɗe ta mu huta. Sai ya ce, Baba, ku yi haƙuri, bakina ba zai iya cewa na barranta da Rakiya ba, ko da wasa." Ya nuna kofin da haɓa ya ce, "Sha, 'yata, kada ya huce." Na sha. Audu yana gefe yana share ido da hularsa.

Iƙamarmu a jikin ta Baba take, saboda haka kafin sanyi ya shigo mun tattara mun koma Funtuwa, garin da nake ji a baki kawai. Yanzu a nan nake koyar da Larabci, Hausata ta saki, kuma na haura shekarun da Baba yake da su ranar da aka kife kofinsa. An ce mini layinmu na Shumaisi ya sauya har ba zan gane shi ba. Baba Tanko ya daɗe da rasuwa, Audu ma haka, sauran an watse, wanda ya koma gida ya koma, wanda ƙasa ta rufe ta rufe. Hausawan da ke can yanzu a waya suke zumunci, mutum ɗari a rukuni ɗaya, kowa yana tura abin da ya ga dama, ba zaman bakin ƙofa, ba zare, ba wanda ake kife wa komai. Ban sani ba ko sun fi mu sauƙi, ko kuwa idan ɗayansu ya faɗi akwai mai zuwa da hantsi. Na yi shekaru ina neman mai laifi, ni ce, ko ƙa'idar da ta nemi uba ya furta wannan kalma, ko tsoron da ya haifi ƙa'idar. Na gaji, na bari.

Kofin yana cikin kabad ɗina, a tsaye. Ranar Juma'a bayan La'asar nakan zuba shayi a ciki in zauna kusa da ƙofa, in tuna duk ranakun da aka ce in kai masa buta na tura ƙanena. Ga shi yau na sake fitar da maganar Zaure, dukanta, har na gyara kuskuren Juma'a ukun. Wannan karon babu sauran kofin da za a kife, babu kuma wanda zai ce gidansa ne.